Shin iyon kifi zai iya nuna mana ruwa ya gurɓace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani gidan ruwa da ke jan ruwansa daga kogi. Sau ɗaya ko biyu muke ɗibar samfur a rana, wasu gwaje-gwajen ma sai an kai wani gari. Na ji an ce a ƙasashen waje ana ajiye kifi a tanki a riƙa lura da yadda yake iyo, da haka ake gane guba ta shiga ruwa. Shin ilimi ne tabbatacce? In haka ne, za mu iya yinsa a nan, kuma da wane kifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ilimi ne tabbatacce, an fi shekara 50 ana gina shi, kuma akwai manyan birane da ke aiki da shi yau ɗin nan. Za ku iya yinsa, ba da kuɗi masu yawa ba. Sai dai ka riƙe abu ɗaya tun daga farko, domin a kansa duk sauran bayanin ya rataya: kifin tanki maigadi ne, ba likita ba. Zai sanar da kai cewa wani abu ya shigo. Ba zai faɗa maka mene ne ba, ba zai faɗa maka yawansa ba, kuma don ya yi shiru ba shi ke nan ruwa ya shawu ba.

Matsalar da ka ambata ta ɗibar samfur ita ce ainihin abin da ya haifar da wannan dabara. Gubar da ta fi haɗari ga gidan ruwa ba zama take yi a kogi ba, wucewa take. Tankar mai ta faɗi a gada, ko wani kamfani ya saki dagwalonsa da tsakar dare, ko manomi ya wanke tankin feshi a bakin ruwa. Cikin awa biyu ko uku abin ya zo, famfonku ya zuƙi rabonsa, saura ya gangara. Samfur ɗinka na ƙarfe 8 na safe zai fito tas, alhali ruwan da ya shiga da ƙarfe 2 na dare yana kan hanyar gidajen mutane. Ga kuma matsala ta biyu: na'urar gwaji abin da aka ce ta nema kaɗai take gani. Sinadaran da ake hada-hadarsu a duniya dubun-dubata ne, babu ɗakin gwajin da zai nemi kowanne a kullum. Shi kuwa kifi jikinsa ne ma'aunin, ba ruwansa da sunan abin da ya shigo. Ko guba biyu ne suka haɗu, kowace ba ta kai ta yi illa ita kaɗai ba amma a haɗe suka yi ƙarfi, zai ji a jikinsa.

Turawa ma sai da suka sha wuya suka ɗauki abin da gaske. A daren 1 ga Nuwamba 1986 gobara ta tashi a wani rumbun kamfanin Sandoz kusa da birnin Basel na Suwizalan. Ruwan da aka kashe wutar da shi ya kwashi tan 20 zuwa 30 na magungunan ƙwari da sauran sinadarai ya zuba a kogin Rhine. Kogin ya rine ja, kifayen nan masu siffar maciji suka mutu a tsawon kusan kilomita 400, gidajen ruwa na Jamus har zuwa Holan suka rufe jan ruwa, kuma an yi jinkirin sanar da waɗanda ke gangare. Akwai tankunan kifi a wasu tashoshi tun kafin nan, amma bayan wannan annoba ne aka zuba kuɗi sosai wajen kafa tashoshin gargaɗi masu aiki da halittu masu rai a gefen kogin.

To, me ya sa iyo ake kallo, ba a jira a ga mutuwa ba?

Kifi a cikin ruwa yake numfashi. Dare da rana ruwa na shiga ta bakinsa, ya bi ta kan jan naman nan da ke ƙarƙashin kunnensa, ya fita. Tsakanin ruwan da jininsa a wurin, fata ce siririya wadda kaurinta 'yan maikiromita ne kawai, wato ta fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba. Hancinsa ma a buɗe yake ga ruwan kai-tsaye, haka layin jijiyoyin da ke bin gefen jikinsa, wanda da shi yake jin motsin ruwa. Saboda haka guba na taɓa numfashinsa da jijiyoyinsa tun kafin ta taru a hanta ko ƙoda, kuma iyo shi ne inda aikin jijiya da tsoka da numfashi ke haɗuwa su bayyana ga ido. A gwajin guba na al'ada, abin da ake nema shi ne adadin da zai kashe rabin kifayen gwaji cikin kwana 4. A 1990 wasu masana biyu na Amurka, Edward Little da Susan Finger, sun tattara binciken da aka yi kafin lokacin, suka nuna cewa iyon kifi na iya fara canzawa tun guba ba ta wuce kashi 0.7 zuwa 5 cikin 100 na wancan adadin mai kisa ba. Wannan tazara ita ce ribar aikin gaba ɗaya.

Tun a shekarun 1960 John Sprague ya ga irin wannan a Kanada, a kogin Miramichi. Kifin salmon da ke haurawa don yin ƙwai sai ya riƙa juyawa baya idan ruwan da ke fitowa daga mahaƙar ma'adinai ya kawo tagulla da tutiya. A ɗakin gwaji ya gano 'yan maikirogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) na tagulla a lita sun isa su sa kifin ya kauce. Amma ga wani abin lura da aka fahimta daga baya: idan tagullar ta yi yawa takan lalata hancin kifin, ya daina jin ta, ya daina gudu. Ke nan ba kullum ne yawan guba ke nufin yawan motsi ba. Wani lokaci kifin da ya natsu shi ne wanda ya fi jigata.

Karanta alamun nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk Sarkin Ruwa da ya isa ya san yadda kifi ke yi idan an daka magimfa an zuba a gulbi, ya san bambancinsa da na gamalin, maganin ƙwarin nan da ya lalatar da ruwaye da dama a Najeriya da Gana kafin a haramta sinadarin da ke cikinsa a yarjejeniyar Stockholm a 2009. Gubar magimfa tana hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin, shi ya sa kifin ke tasowa sama yana haƙi ko da ruwan cike yake da iska. Gamalin kuwa jijiya yake kamawa, sai ka ga firgita da karkarwa. Abin da kimiyya ta ƙara a kan sanin masunta shi ne ƙidaya da rubutawa.

Alamar da za ka fi yawan gani ita ce taruwa a saman ruwa ana buɗe baki. Mafi yawan lokuta ƙarancin oksijin ne. Ruwanmu mai ɗumi ne, ruwan ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai: a digiri 20 yakan ɗauki wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa bai wuce 7.5 ba, ko da ya cika maƙil. Idan dagwalon mahauta ko na kwata ya shigo, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi su cinye ɗan abin da ke akwai. Da asuba abin ya fi tsanani, domin tsirran ruwa sun kwana suna shaƙa ba sa fitarwa.

Amoniya tana kawo saurin numfashi da zabura, daga baya kifi ya kasa tsayawa daidai. Ita kuma sai ka haɗa da pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, kafin ka fahimce ta, tunda kai ma'aikacin ɗakin gwaji ne ka san dalili: a digiri 25, ɓangarenta mai dafi bai kai kashi 1 cikin 100 ba a pH 7, ya kai wajen kashi 5 a pH 8, a pH 9 kuwa ya haura sulusi. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Kamfanonin jima irin na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano suna aiki da farar ƙasa da sinadarin salfaid wajen cire gashi, da gishirin amoniya wajen wanke fatar, sannan kuromiyam wajen jimar kanta. Dagwalon da bai sami tacewa ba yakan zo da pH mai hawa, da amoniya, da salfaid, ga kuma cin oksijin, duk a lokaci guda. Irin wannan dagwalo, kifi zai nuna shi cikin mintuna. Kuromiyam ɗin da aka fi yin magana a kansa a rubuce-rubuce shi ne ma wanda kifin zai fi jinkirin nunawa.

Magungunan ƙwari dangin fiya-fiya suna toshe sinadarin da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa tsoka, sai saƙon ya yi ta bugawa ba tsayawa. Da farko kifi ya ɗimauce, ya riƙa zabura yana karo da gilashi, garke ya watse. Daga nan karkarwa, fikafikan gaba su sandare, jiki ya lanƙwashe, ya nutse ƙasa ya kwanta. Dangin sifametirin da ake fesa wa wake da tumatir sun fi ma wannan dafi ga kifi, 'yan maikirogiram a lita sun isa. Ƙarafa irin su tagulla da tutiya sukan fara da naman numfashi: majina ta yi yawa, kifi ya riƙa yin abin da muke kira tari, wato ya juyar da ruwa baya da ƙarfi don ya wanke wurin. Fetur da dangoginsa kuwa maye suke sawa, iyo ya yi sanyi, ka taɓa gilashi kifin bai ko motsa ba.

Akwai kuma canjin da ido ba zai taɓa ɗauka a matsayin ciwo ba. A 2013 Tomas Brodin da abokan aikinsa na Jami'ar Umeå a Suwidin sun buga binciken da ya ja hankalin duniya. Sun sa kifin kogi a ruwa mai ɗauke da maikirogiram 1.8 a lita na oxazepam, maganin kwantar da hankali da ke fita ta fitsarin mutane ya bi kwata ya isa kogi. Kifayen lafiyarsu ƙalau a ido, amma sun rage zama cikin garke, sun ƙara yawo, sun ƙara saurin cin abinci. A kogi, kifin da ya bar garke ya rage tsoro abincin wani ne. Wannan irin bincike ya fi amfani wajen sanin lafiyar kogi da makomar kamun kifi, ba wajen ƙararrawar gidan ruwa ba, amma yana nuna maka zurfin abin da iyo ke iya bayyanawa.

Na'urorin da aka ƙera iri-iri ne. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta dogara da ɗabi'ar kifin kogi ta fuskantar inda ruwa ke fitowa. A Jamus tun farkon shekarun 1970 aka ƙera doguwar kwata wadda ake ƙara wa ruwanta gudu lokaci-lokaci; kifi mai lafiya zai tsaya ya yi ta iyo, wanda ya raunana ruwa ya tura shi ya bugi ragar da ke baya, na'ura ta ƙirga bugun. Aibinta shi ne sai kifi ya galabaita sosai kafin ruwa ya rinjaye shi, shi ya sa daga baya tashoshin Rhine suka fi karkata ga wasu halittun, kamar ɗan ƙwaron ruwan nan Daphnia, da halittu masu ɓawo biyu da ke rufe bakinsu idan ruwa ya ɓaci. Birnin Waso na Folan da irin waɗannan masu ɓawon yake gadin ruwansa.

A Amurka an bi ta numfashi. John Cairns na jami'ar Virginia Tech ya fara aikin a shekarun 1970, daga baya cibiyar binciken lafiyar muhalli ta sojan Amurka da ke Fort Detrick ta kammala shi. Kifi 8 ne, irin wanda suke kira bluegill, kowanne a ɗan ɗakinsa da ruwa ke ratsawa. Akwai farantan lantarki sama da ƙasa, ba sa taɓa kifin, suna ɗaukar 'yar wutar da tsokarsa ke fitarwa. Daga nan kwamfuta ke fitar da abu 4: saurin numfashi, zurfinsa, yawan tari, da motsin jiki. Sai 6 daga cikin 8 sun kauce wa al'adarsu ƙararrawa ke kaɗawa, nan take kuma wata na'ura ta ɗebi samfur ta ajiye. New York da San Francisco da Washington duk sun yi aiki da ita, kuma an ruwaito a 2006 cewa a New York kifayen sun riga sauran na'urori gano malalar man dizal da awa 2. Ka lura da hikimar 6 cikin 8: kifi ɗaya na iya yin rashin lafiyarsa ta kansa, amma shida ba sa rikicewa tare a banza.

Yau an fi amfani da kyamara. A Japan gidajen ruwa da yawa na ajiye ɗan ƙaramin kifin medaka, a Singafo hukumar ruwa tana aiki da wani ɗan kifin ado mai suna tiger barb, kwamfuta na bin kowane kifi tana auna saurinsa, tsayin da yake iyo a tanki, yawan juyawarsa, da tazararsa da 'yan'uwansa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta kifi mai lantarki, domin kifin namu ne. Ba minjirya nake nufi ba, mai jan mutum. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano cewa ɗan sarki na fitar da wata raunanniyar wuta ba yankewa, da ita yake gane abin da ke kewaye da shi a duhu da cikin laka. Dangin milligi ma haka suke, sai dai tasu bugu-bugu take fita. Ɗaya daga cikinsu, mai doguwar haɓa kamar hannun giwa, wanda masana ke kira Gnathonemus petersii, yana rayuwa a ƙasan kogin Kwara da kogin Ogun da saman kogin Shari, kuma daga Najeriya ake fitar da shi zuwa kasuwannin kifin ado na Turai. A 1984 wani masani a Jamus, Geller, ya buga bayanin na'urar gargaɗi da ke ƙirga bugun wutar wannan kifi, domin bugun na canzawa idan guba ta taɓa shi. A Nancy ta Faransa an ƙera makamanciyarta da wani kifin lantarki na Kudancin Amurka. Su can sai sun ɗumama ruwan kafin kifin ya rayu. Mu a nan ruwanmu ne gidansa, kuma lantarki ba ya buƙatar ruwa ya yi garau kamar yadda kyamara ke buƙata. Ina ganin wannan aiki ne da ya cancanci jami'o'inmu da cibiyar binciken kifi ta New Bussa su ɗauka da gaske.

Yanzu abin da kifi ba zai gani ba, kuma ina roƙonka ka faɗa wa shugabanninka wannan kafin ka faɗa musu komai. Ba zai ga ƙwayar kwalara ba, ba zai ga ta taifot ba. Zai yi ta iyonsa cikin ruwan da zai kwantar da unguwa guda. Waɗannan su ne suka fi kashe mutanenmu, kuma maganinsu kulorin ne da gwajin ƙwayoyin cuta, babu abin da zai maye gurbinsu. Ba zai ga gubar da ke cin mutum a hankali ba. Iyakar dalma a ruwan sha a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 0.01 ce a lita, kuma karfasa za ta yi iyo lafiya a ruwan da ya ninka haka sau da yawa. Mun kuwa san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara fiye da 400 suka rasu. A Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid, wanda iyakarsa miligiram 1.5 ce a lita, ya nakasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara daga tsakiyar shekarun 1980 har wajajen 2000. Babu tankin kifin da zai hana wannan, gwajin sinadari ne kaɗai.

Akwai ma abin da ba guba ba ne a kogi sai ya shigo hannunku. A watan Mayu 2012 wani sinadari mai ƙarancin dafi ya shiga kogin Tone a Japan. Da ya haɗu da kulorin a matatun ruwa sai ya rikiɗe ya zama fomaldehaid, wanda guba ne, aka yanke wa gidaje kusan 360,000 ruwa a lardin Chiba. Ƙasa ce da ta ƙware a gadin ruwa da kifi, amma wannan ba irin abin da kifi ke kamawa ba ne.

Ɗaya gefen kuma shi ne ƙararrawar ƙarya, wadda ita ce ke kashe irin wannan shiri a wurare da yawa. Ƙararrawa ta kaɗa sau uku a banza, a na huɗu ba wanda zai tashi. A wurinmu abubuwan da za su jawo ta sanannu ne. An ɗauke wuta, famfo ya tsaya, kifi ya rasa iska. Hunturu ya shigo, ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, karfasa ta lafa ta daina cin abinci. Ruwan sama ya sauka, kogi ya yi jawur, zafi da pH suka canza cikin awa guda. Wani ya kunna fitila da dare ko ya buga ƙofa. Saboda haka tankin kifi ba ya zama shi kaɗai; dole a gefensa a sami ma'aunin zafi, da na oksijin, da na pH, da na gishirin ruwa. Ruwa ba ya tsami banza, amma sau da yawa dalilin tsamin yana cikin waɗannan huɗun, kuma cikin minti biyar za ka gane.

Batun wane kifi, kada ka sa tarwaɗa. Na san ita ce ta fi sauƙin samu, kuma ita aka fi amfani da ita a gwaje-gwajen ɗalibai, amma ainihin abin da ya sa manoma ke son ta shi ne ya sa ba ta dace da gadi ba. Tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, tana rayuwa a ruwan da sauran kifaye suka mutu, tana kwanciya a ƙasa ta yini ba motsi, ta yi yawonta da dare. Gaiwa ta fi ta ma. Ana son kifi ƙarami, mai yawan iyo a tsakiyar ruwa, mai tafiya cikin garke, wanda ya dogara da naman numfashinsa kaɗai. Ƙananan kawara sun cika waɗannan sharuɗɗa, sai dai suna da tsoro da tsalle, kuma suna da wuyar sabo da tanki. Don farawa, 'ya'yan karfasa masu tsawon yatsa, girmansu ɗaya, daga maƙyanƙyasa guda, su ne zaɓin da ya fi dacewa. Suna da juriya fiye da yadda ake so, amma ana samunsu kowane lokaci, kuma ka san tarihinsu. Kada ka kamo daga kogin da kake son gadi, domin kifin da ya tashi a gurɓataccen ruwa ya riga ya saba. Kada kuma ka shigo da baƙon kifi daga waje. In ya kuɓuce ya shiga kogi ka jawo wata matsalar.

Tankuna biyu na gilashi, kowanne lita 60 zuwa 100, sun isa. Ɗaya ruwan kogi na ratsa shi ba tsayawa, da gudun da zai sauya ruwan tankin cikin rabin awa ko ƙasa da haka, in ba haka ba gubar za ta tsarke a cikin tsohon ruwa ka rasa lokacin da kake nema. Ɗayan ruwa mai tsabta ne, a ɗaki guda, haske guda. In duka biyun suka rikice, matsalar a ɗakin take. In na kogi ne kaɗai, to a tashi. A sa kifi kamar 10 a kowanne, bayan an killace su mako biyu an tabbatar ba su da cuta. Famfo da injin iska su kasance a kan sola da batir. Lakar damina a rage ta da ɗan tankin kwantarwa ko matatar yashi, amma ban da gawayin tacewa, domin zai tsotse gubar da kake nema kafin ta isa wurin kifin. In kuna son tanki na uku a kan ruwan da aka riga aka tace, wanda yake da amfani don kama kuskuren zuba sinadari a cikin gidan ruwan kansa, sai an kashe kulorin da sinadarin tayosalfet tukuna. Miligiram 0.2 zuwa 0.5 da kuke bari a ruwan famfo ya isa ya kashe kifi.

Babban aikin shi ne sanin al'adar kifayen. A yi mako biyu ana rubutu kowace awa: a wane tsayi suke, a garke ko a warwatse, sau nawa kunne ke buɗewa a minti, cikin daƙiƙa nawa suke zuwa ga abinci. Safiya da rana da dare kowanne da tasa al'adar, saboda haka ƙarfe 3 na dare da ƙarfe 3 na daren jiya ake kwatanta shi, ba da na rana ba. Ƙaramar kyamara da manhajar ToxTrac, wadda jami'ar Umeå ta fitar kyauta, za su taimaka maka ka mai da bidiyo zuwa alƙaluma, amma ma'aikaci mai lura da littafi a hannu ya isa a fara. A riƙa sauya kifayen duk bayan mako uku ko huɗu, saboda suna girma kuma suna sabawa da gubar da ke ƙaruwa sannu a hankali. Waɗanda aka sauke a mai da su ruwa mai kyau su huta. Halittun Allah ne da ke yi mana hidima, a ciyar da su a kula da su. Wanda guba ta taɓa kuwa kada a ci, kada a sayar, a binne shi.

Inda za a ajiye tankin ma lissafi ne. In kogi na tafiyar rabin mita a daƙiƙa, wato kilomita 1.8 a awa, tasha mai nisan kilomita 5 sama da inda kuke jan ruwa za ta ba ku ƙasa kaɗan da awa 3. Cire awa guda da kifi zai iya ɗauka kafin ya nuna alama, saura ba su cika 2 ba. Da damina gudun ya ninka, lokacin ya ragu. In a bakin famfo kuka sa tankin, to abin da kuke da shi shi ne awannin da ruwa ke yi a cikin matata kafin ya fita gari, kuma dole ku san su daidai.

Waɗannan awanni ba su da amfani sai an rubuta tun da wuri wa zai yi me. Wa ke da ikon kashe famfo da ƙarfe 2 na dare ba tare da jiran manaja ba? Lambar wa za a kira? Ruwan da ke ajiye zai kai gari awa nawa? Samfur kuma a ɗebe shi nan take, kafin ma a gama muhawara, domin bayan awa guda shaidar ta gangara: kwalbar gilashi don magungunan ƙwari da mai, ta roba da 'yan ɗigon asid don ƙarafa, a sa a sanyi wajen digiri 4, a rubuta lokaci. Da wannan kwalbar ce kaɗai za ku iya zuwa gaban NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ko ma'aikatar muhalli ta jiha, ba da labarin kifi ya yi zabura ba.

Ka fara a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da kogi ya kwanta kuma sanyi ya ja baya. Ruwan farko na Mayu da Yuni shi ne ke wanko duk abin da ya taru a kwatoci da gonaki tsawon rani ya zuba muku a kogi, kuma kana son ya zo ya tarar ka riga ka san kifayenka da ma'aikatan da ke kwana da su. Allah ya taimaka.